Zuciyar dabbar da ake ɗauka maciji ce

Yau a ɗakin gwaji aka nuna mana sisiliyan a cikin kwalba. Kowa ya ce maciji ne ko ƙatuwar tana, ashe 'yar'uwar kwaɗo ce marar ƙafafu, mai zama a ƙarƙashin ƙasa mai laima. Akwai ta a dazuzzukan Kamaru.

Zuciyarta ce ta tsayar da ni. Ɗakuna uku gare ta kamar ta kwaɗo, biyu a sama, ɗaya a ƙasa, amma ta miƙe ta yi tsawo don ta dace da siririn jikin. A yawancinsu huhun hagu ma ya ƙanƙance. Wata a Brazil, Atretochoana, ba ta da huhu sam, da fata take numfashi. Ikon Allah!