Gawayin da ya ci mini ɓerayen Masar uku masu ciki

Har yau in na leƙa akurki na ga lungun da jar macen nan take kwanciya, sai raina ya ɓaci. Kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Shekara biyu ke nan ina kiwon ɓeran Masar a bayan gidana a Kassala ta ƙasar Sudan. Sunan ma dariya yake ba ni: mu da Masar take maƙwabciyarmu mun san ba nata ba ne, asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka. Abin da ya kai ni ga sa musu gawayi a abinci zawo ne da warin fitsari. Ina haɗa musu dusar alkama da ɗan ambaz, wato tunkuzar gyaɗa, wadda in ta sha danshi takan yi fumfuna mai guba. Shi kuwa gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne suke riƙe irin wannan guba har ta fita da kashi.

Ban taɓa gawayin turare mai saurin kamawa ba, don akwai sinadari a jikinsa. Itacen miskit, mai ƙayar nan da ya cika gefen kogin Gash, na ƙona a rabin durom, na kashe da ruwa, na shanya, na daka, na tankaɗe. Gram 10 a kowane kilo na abinci, kashi 1 cikin 100 ke nan. Cikin kwana goma kashinsu ya bushe, wari ya ragu, har maƙwabcina ya tambaye ni ko na sayar da su.

To, daɗin nan ne ya ruɗe ni. Na ce in kaɗan ya yi haka, ina ga mai yawa? Na ajiye ma'auni na koma zubawa da hannu, har dusar ta zama kamar toka. A daidai lokacin zafi ya shigo, barsim, ciyawar da ake nomawa don dabbobi, ya yi tsada, sai na rage ɗanyen ganye, na sayo garin bitamin C ina barbaɗawa. A ina? A cikin dusar nan mai gawayi. Ni da hannuna.

Duk mai kiwonsu ya san jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai mutum, sai ya ci. Na sani sarai. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne gawayi ba ya zaɓe. Yadda yake riƙe guba haka yake riƙe magani da bitamin.

A mako na uku uwargida ta ce, "Malam, zo ka ga waccan, ɗingishi take yi." Na ce zafi ne. Na jiƙa buhu na rataya musu, na ƙara inuwa, kwana biyar ina yi wa zafi magani. Gashinsu ya tashi, gaɓoɓi suka kumbura, in ka ɗaga ɗaya sai ta yi ƙara. Da na kai biyu wurin likitan dabbobi, bakinsu kawai ya buɗe ya nuna mini dasashi yana jini. Ya sa hannu a dusar da na zo da ita, ya dubi baƙin tafinsa, ya ce, "Malam, abinci kake ba su ko murhu kake haɗawa?"

Mata uku masu ciki suka tafi, har da jar. Cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma saura ƙiris su haihu. Kwana biyar ɗin nan da na ɓata su ne suka fi ci mini rai, don sauran da aka fara ɗura wa bitamin a baki, cikin mako guda suka miƙe.

Ban daina ba da gawayi ba, don aikinsa na gani da idona. Amma ma'auni ya dawo, gram 10 ba ƙari, kuma ina ɗan yayyafa masa ruwa saboda ƙurarsa. Dusar mai gawayi da safe, ganye da yamma: barsim, jarjir (wani ganyen salak), da gwaibar da ta faɗo wadda nake samowa da araha a sawagi, wato lambunan ban-ruwa na Kassala. Wadda take shan magani kuwa, ba ta ganin gawayi sai ta gama. Ma'aunin yanzu a hannun uwargida yake, ta ce ba ta yarda da tafin hannuna ba.