Ranar da muka je allura da Baba

Daura, Litinin, 29 ga Maris, 2021

Hannuna na hagu ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Yau aka yi mana allurar korona, ni da Baba. Inna kuwa ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta je ba.

Bayan sallar asuba na kai wa Baba koko da ƙosai a zaure, na sake tayar da maganar da muka shafe mako biyu muna ja. Shekarunsa sun haura saba'in, ga ciwon suga ga hawan jini, kuma irinsu cutar ta fi kayarwa. Na ce masa ai Shugaba Buhari ma, ɗan garin nan, an yi masa tun 6 ga wata, kowa ya gani a talabijin. Ya ajiye ludayi ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka abin da ke cikin kwalbarsa shi ne a cikin tamu?" Na rasa ta cewa.

Inna tana jin mu daga bakin murhu. Ta ɗaga murya ta ce, "Duk damina zazzaɓin cizon sauro ke ɗauke mana yara, in ka je asibiti takarda za a rubuta maka ka sayo. Wannan kuma kyauta, har da lallashi. Ruwa ba ya tsami banza."

Maganar nan ta tsaya mini a rai yini guda, domin ba jahilci ba ne ke bakinta. Ina jin zafi in na ji wasu 'yan boko suna kiran mutanenmu jahilai a kan wannan batu. Inna tana da girmanta a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada maganin Trovan a kan yara. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka ce da maganin hana haihuwa a ciki, kuma maganar hana haihuwar ce ta dawo yanzu a saƙonnin murya na WhatsApp. Sai dai mun ga abin da dakatarwar ta jawo: cutar ta ƙara yaɗuwa, ta tsallaka har wasu ƙasashe, yara suka gurgunce. Da kyar, da taimakon sarakuna da malamai, aka shawo kan jama'a, har aka kai Agustan bara da aka ce Afirka ta rabu da ita. Duka biyun gaskiya ne, kuma a gida ɗaya suke zaune, gidanmu.

Wajen hantsi sai ga 'yar maƙwabcinmu ta shigo gaishe da su Inna. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma Baba ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tsare ta da tambayoyi. Abin da ya burge ni, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce allurar AstraZeneca ce, hukumar NAFDAC ta amince da ita tun watan jiya. Ta ce lalle wasu ƙasashen Turai, irin su Jamus da Faransa, sun dakatar da ita a tsakiyar watan nan saboda batun daskarewar jini, amma bayan bincike sun ci gaba da yi. Ta ce zai iya jin zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu.

"Ke an yi miki?"

"An yi mini, Baba." Ta ciro katinta daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu.

"Mahaifinki fa?"

"Ranar Alhamis na kai shi da kaina."

Ya juya katin, ya yi shiru. Can ya ce mini, "Miƙo mini hulata." Mako biyu ina kawo masa hujja daga rediyo, ita kuwa ko shayi bai huce ba ta gama.

A asibitin mutum biyar muka tarar a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Aka ce mu jira. Ashe kowace kwalba ta mutum goma ce, kuma in an buɗe ta dole a ƙarar cikin awa shida, in ba haka ba a zubar. Don haka ba sa buɗewa sai an taru. Abin ya taɓa ni. Allura miliyan 3.9 da 'yan kai ce kawai ta sauka Abuja ranar 2 ga wata ta shirin COVAX mai raba wa ƙasashen duniya allurar korona, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma a nan mutum goma ake nema da kyar. A garin da aka fara samun cutar a duk jihar Katsina, garin da aka kulle mu a gida bara, kasuwa ba ciniki, masallacin Juma'a a rufe.

Wani dattijo kusa da Baba ya ce shi dai ba korona ta kawo shi ba, ya ji Saudiyya ta ce ba Hajji sai da allura, kuma kuɗin kujerarsa na hannun hukuma tun bara. Wani matashi mai babur da ya kawo fasinja ya ce cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, talaka yunwa ce koronarsa. Baba da kansa ya amsa masa, ya ce, "Ɗana, jana'iza nawa muka yi bara a unguwarmu, dattawa zalla? Wanne ne a cikinsu ya taɓa hawa jirgi?" Yaron ya sunkuyar da kai, amma bai zauna ba.

Sai gab da azahar muka kai tara. Ni rakiya na zo, shekaruna ba su kai na waɗanda ake fara yi wa ba, amma ma'aikaciyar ta ce in cike ta goman. Baba ya yi bisimilla ya naɗe hannun riga. Aka zaunar da mu na ɗan lokaci a ga ko wani zai ji wani abu, sannan aka ba mu kati da ranar dawowa ta biyu, can bayan ƙaramar salla.

Da la'asar Baba ya ce jikinsa lafiya lau, har ya tafi majalisarsu da katin a aljihun gaba. Ni ne ma sanyi ya rufe bayan magariba.

Ɗazu bayan isha'i Inna ta turo ƙofa da kwanon kunun tsamiya. Ta dafa goshina, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Na ce, "Inna, gobe in kai ki?" Ta ce in bari tukuna, tana so ta ga yadda ni da Malam za mu kai azumi. Saura mako biyu ke nan. Ta kuma ce kada in kulle ƙofa, za ta leƙo cikin dare.