Sa hannun da babu lauya a bayansa

Ina da ƙaramin kamfanin shara da goge-goge a birnin Manchesta na Ingila, muna gyara ofisoshi da dare bayan an tashi aiki. Da wani babban kwantiragi ya kuɓuce mana, sai aikin mai sa ido kan ma'aikata ya ragu har ya kasa riƙe mutum guda. Wanda ke kan kujerar kuwa dattijo ne Bahaushe ɗan'uwanmu, mun daɗe tare. Na zaɓi mu rabu ta yarjejeniyar sulhu: in ƙara masa wani abu a kan haƙƙinsa, shi kuma ya sa hannu cewa ba zai kai ni kotun ma'aikata ba.

Ina miƙa masa takardar ya hau laluben biro. "Hajiya, ni da ke har sai an kira lauya? Kawo in sa hannu." Na ce, "Baba, ko ka sa yanzu, dokar ƙasar nan ba ta san da zamansa ba."

Ba tsoratarwa ba ce. Sashe na 203 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ya ce ma'aikaci ba ya sarayar da damarsa ta kai ƙara sai an cika wasu sharuɗɗa. Yarjejeniyar ta kasance a rubuce, ta ambaci ainihin ƙorafe-ƙorafen da ake rufewa, kuma ma'aikacin ya samu shawara daga wanda ba ya cin tuwon kamfanin: lauya, ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka tantance. Mai ba da shawarar sai yana da inshora, sai kuma an rubuta sunansa a takardar. In ɗaya ya faɗi, kin biya kuɗi kuma ƙofar kotu na nan a buɗe. Doka ba ta tilasta wa mai kamfani biyan lauyan ma'aikaci ba, amma kusan kowa yana bayar da wani abu, ni ma na bayar ban ji ciwo ba. A ganina, a cikin duk abin da na kashe, wannan ne kuɗin da ya fi kare ni.

Sai batun lokaci. Ƙa'idar hukumar ACAS, mai sasanta rikicin aiki, ta ce a ba mutum aƙalla kwana 10 ya yi nazari, sai dai in ɓangarorin biyu sun yarda da wani wa'adin. Baba ya so a gama a ranar saboda kunya, ni kuwa na ƙi. Kunyar nan tamu kyakkyawa ce a zaure, amma a gaban alƙali ana iya karanta ta a matsayin matsin lamba. Na kuma gaya masa yana iya zuwa zama na gaba da abokin aiki ko wakilin ƙungiya.

Inda masu ƙananan kamfanoni suka fi zamewa shi ne bakinsu. Tun 2013 sashe na 111A na wannan dokar ta 1996 ya ba da damar a tattauna rabuwa cikin sirri, ba tare da an ɗauki maganar zuwa kotu a ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba. Mutane na jin haka sai su saki baki. Rumfar ba ta da faɗi: ba ta rufe ƙarar wariya ba, ko ta shekaru, ko ta addini, ko ta launin fata, ko ta juna biyu. Kuma in kika ce wa ma'aikaci "ka sa hannu ko in kore ka" tun ba a bi matakan ladabtarwa ba, kariyar na iya faɗuwa, a karanto maganarki a kotu. Da yake Baba ya manyanta, ko da wasa ban bari kalmar tsufa ko hutawa ta fito daga bakina ba. Maganar kwantiragi kawai na yi, don ita ce gaskiyar lamarin.

Lissafin kuɗi na raba shi gida biyu a takarda. Akwai abin da yake haƙƙinsa ne ko ya sa hannu ko bai sa ba: albashin da ya yi wa aiki, kuɗin hutun da bai ci ba, wa'adin sanarwa na mako ɗaya kan kowace shekarar aiki har zuwa mako 12, da kuɗin rage ma'aikata na wanda ya shekara 2 ko fiye, wanda ake lissafa albashin mako ɗaya da rabi kan kowace shekarar da ya yi yana da 41 zuwa sama. Wannan ba kyauta ba ce, kuma ba daidai ba ne a nuna shi kamar alheri. Ƙarin da ke sama da shi ne farashin sa hannun. Haraji ma yana da nasa rabon: diyyar rasa aiki har fam 30,000 ba a cire mata haraji, amma kuɗin hutu ana cirewa, haka ma kuɗin da aka biya a madadin sanarwa tun Afrilun 2018. Akantana ya duba kafin a tura komai, don hukumar haraji mai kamfani take fara nema.

Sharaɗin riƙe sirri na sa shi a taƙaice. Ba zai hana mutum fallasa laifi don amfanin jama'a ba, ko zuwa wurin 'yan sanda, kuma na rubuta ƙarara cewa yana iya gaya wa iyalinsa da likitansa.

Lauyar Baba ta dawo da buƙatu biyu. Ta ce a rubuta takardar shaidar aikin da zan riƙa ba duk mai son ɗaukarsa, a liƙa ta a jikin yarjejeniyar, sannan a sa takamaimiyar ranar da kuɗi zai shiga asusunsa. Duka na amince. Bayan ya sa hannu ita ma ta sa nata a shafin shaidar ba da shawara, na tura kuɗin a ranar da aka rubuta, takardar P45, wato takardar haraji da ake ba wanda ya bar aiki, kuma ta biyo baya da albashin ƙarshe.