Ni da takalmin kaboyi a rairayin Tawa

Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Teksas ta Amurka ya kira ni wata rana da dare, ya ce, "Yaya, lamba nawa kake sawa a takalmi?" Na ce 43. Ya ce a wurinsu 10 ke nan. Ban kawo komai a raina ba. Bayan wata biyu wani abokinsa ya sauka Yamai da saƙo, aka sa a motar da ke biyowa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, na je tasha na karɓo kwali mai nauyi. Ina buɗewa ƙamshin sabuwar fata ya bugi hancina. Takalmin kaboyi ne, ruwan ƙasa, dogo har tsakiyar ƙwauri, an zuba masa ɗinkin farin zare kamar aikin gaban babbar riga, bakinsa a tsuke, dunduniyarsa a karkace. A ciki an buga tambari, a Meziko aka yi shi.

Yaron nan ya san abin da ya yi. Muna ƙanana, in muka samu dala biyar sai gidan bidiyo, kuma in dai fim ɗin kaboyi ne ni ne a layin gaba. Ina fitowa in hau dokin kara, in riƙa tafiya ina ware ƙafafu. Shekara talatin ke nan, ashe bai manta ba.

Rigimar ta fara ne tun daga sawa. Takalmin ba igiya, ba zif, sai kunnuwa biyu a sama da ake kamawa a ja. Na zauna bakin gado na zura ƙafa, ta tafi lafiya lau, tana kaiwa wuyan takalmin ta cije. Na ja, na yi nishi, na haɗa zufa. Uwargida na tsaye bakin ƙofa tana dariya, wai, "Maigida, haihuwa ake yi ko sa takalmi?" Na kira mai aikowa. Ya ce in sa safa, in ɗora leda a kanta, in miƙe tsaye in ja kunnuwan ina danna dunduniya. Sai na ji wani ɓut, ƙafa ta faɗa mazauninta. Na yage ledar na zaro ta.

Kuskurena na farko shi ne zumuɗi. Washegari Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, ga kuma ɗaurin auren wani abokin aiki da safe. Na sa shadda, na sa takalmi, na fita tun ƙarfe takwas, a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. A gidan biki na taka tayil, saura kaɗan in sha ƙasa a gaban mutane, domin tafin takalmin fata ne zalla, sumul kamar faranti. Ina tafiya dunduniyata na ɗagawa tana komawa a ciki. Kafin azahar na fara ɗingishi. Da na dawo gida sai da yara biyu suka taru suka ja kafin ya fita, ga bororo biyu a bayan dunduniya, ɗaya har ya fashe ya manne da safa. Kwana huɗu ina zuwa aiki da silifas.

Na yanke hukunci cewa ya yi mini yawa. Na ɗauke shi sai wurin wani tsohon baduku da mahaifinmu ke kai wa aiki tun muna yara, mutumin da ya yi shekaru yana ɗinka wa mahayan sarki kayan doki. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake a cusa mini wani abu a baya, ya daina santsi." Bai amsa ba. Ya juya takalmin, ya shinshina, ya lanƙwasa tafin ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ce in sa. Da na sa, ya danna babban yatsansa a gaba ya ji inda yatsuna suka tsaya, sannan ya matsa gadon ƙafata.

"Nan ya kama ka?"

"Ya kama, Baba, kamar an riƙe ni da hannu."

"To, daidai kai ne. Kar ka cusa komai. Wannan ba a dunduniya yake riƙe mutum ba, a nan sama yake riƙewa, tunda ba shi da igiya. Tafin ne bai karye ba tukuna. Ranar da ya koyi lanƙwasa tare da ƙafarka, dunduniyar za ta zauna da kanta."

Ya ƙara da cewa fata tana buɗewa a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. In yatsu suna dukan gaba, babu man da zai gyara, sai dai a ba wani. Nawa da sauran wuri kamar faɗin yatsa, saboda haka ba ni da hujja.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tsohon nan bai taɓa riƙe irin wannan takalmi ba, amma ya karanta shi kamar allo. Ya nuna tsukakken bakin ya ce don ya shiga likkafa da sauri ne. Ya nuna doguwar dunduniyar ya ce don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa. Santsin tafin da ya kusa kayar da ni, ya ce da gangan ne, in doki ya yar da mahayi ƙafar ta zame ta fita, kada a ja shi a ƙasa. Tsawon kuma saboda ƙaya da maciji da gugar sirdi. Duk abin da ya faɗa haka yake. Makiyayan Amurka sun gaji yawancin kayan hawansu ne daga makiyayan Meziko, kuma takalmin ya samu siffarsa ta yanzu bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, lokacin da ake koro garken shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar watanni a kan doki. A 1879 wani maɗinkin takalmi, H. J. Justin, ya buɗe shagonsa a garin Spanish Fort na Teksas, kusa da hanyar da shanun ke bi, a 1883 kuma Lucchese ya buɗe a San Antonio, dukansu har yau ana sayar da takalma da sunansu. Wato dai takalmin mahayi ne. Ni kuwa na ɗauke shi na shiga zagayen kasuwa da ƙafa cikin rairayi, wuni guda.

Tsarin da Baba ya ba ni ba wuya, sai dai cin rai. In sa shi da safa mai kauri da yamma bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, awa ɗaya ko biyu a tsakar gida, in riƙa tsugunawa ina tashi. In goga tafin a siminti mai kaushi har santsin ya mutu. In shafa man kaɗanya kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, a inda yake lanƙwasa da wajen idon sawu, in murza da hannu har ya shige. Ya gargaɗe ni cewa man zai sa fatar ta yi duhu, kuma ta yi. Ruwan ƙasan ya koma kalar dabino, ni ya ma fi yi mini kyau. Ƙanena ya ce a can wasu suna shiga ruwa da takalmin, su yi ta yawo da shi har ya bushe a ƙafarsu. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "A can. Ka jiƙa fata a Tawa rana ta same ta, ka samu kilishi." Ya hana ni ajiye shi a rana ko kusa da murhu, ya ce lokacin hunturu in ƙara yawan shafa mai.

Mako uku aka ɗauka. Ban san ranar da abin ya faru ba, na dai lura wata yamma na je shago na dawo ban tuna da ƙafata ba. Layuka uku sun fito a kan takalmin daidai gaɓar yatsuna, wuyansa ya yi laushi ya ɗan zube a idon sawu. Dunduniyar har yanzu tana ɗan motsi, amma ba ta cizo.

Akwai matsalar da mai ƙera takalmin bai yi tunaninta ba, Baba ma ba shi da maganinta: mu mutane ne masu cire takalmi. Salla biyar a rana, kowace da alwala. Shiga ɗakin mahaifiya. Gaida surukai. Ranar da na je gidan surukina da shi, na tsaya a bakin zaure ina tsalle da ƙafa ɗaya, na dafa bango ina kokawa, dattijo yana zaune kan tabarma yana kallona. Da ya gaji ya ce, "Malam, shigo da abinka, mun yafe." Kunya kamar in nutse. A masallaci kuma, ka idar da kokawar cirewa an riga an yi raka'a ɗaya, sannan kana salla rabin hankalinka na bakin ƙofa, domin a cikin tarin silifas shi kaɗai ke tsaye kamar soja.

Ƙanena ya turo mini hoton wani ɗan katako da suke amfani da shi: allo ne mai baki kamar na gwafa, da ɗan tudu a ƙarƙashi. Ka taka bayan da ƙafa ɗaya, ka saƙala dunduniyar ɗayar a bakin, ka ja. Na kai wa kafinta hoton, ya yi mini a jikka ɗaya, ya liƙa tsumma a bakin don kada ya kankare fata. A gida yanzu cirewa ba ta ɗaukar daƙiƙa biyar. Sai dai ba zan riƙa yawo da katako a aljihu ba, don haka ranar Juma'a da ranar gaisuwa silifas ɗina nake sawa. Kullum da safe kuma sai na kife shi na girgiza kafin in zura ƙafa, tun ranar da kunama ta faɗo daga na hagu.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne kan babur. Dunduniyar tana kama matakin ƙafa cif, bakin yana shiga ƙarƙashin giya ba wahala, zafin salansa ba ya isa ƙwaurina. Doki ne dai ban samu ba.

Makon jiya na bi ta wurin Baba don ya ga yadda ya zama. Ya shafa layukan nan uku, ya gyaɗa kai. Sai ya ce in cire na dama. Ya ɗora shi kan kwali ya zagaye da fensir, ya auna wuyan da zare, ya leƙa ciki yana ƙirga ɗinki. Ya ce yana da jar fatar akuyar Maraɗi da ya ɓoye, da ƙirgin sa mai kauri na tafi, yana so ya gwada. Na miƙa hannu in karɓa, ya ce, "A'a, ɗana, bar mini shi. Ka dawo ran Lahadi." Yaronsa ya ara mini silifas, na rataya na hagu a kan babur na koma gida.