Rasit ɗin Legas da littafin baƙin Kawu

Shinkafa ce sana'ata. Ina saye a hannun manoman fadamar Argungu da Augie, in kai inji a gyara, in yi lodi zuwa Kudu. Ita ce ta kai ni Legas a ƙarshen 2021, na kwana biyu a wani otal ina jiran wanda zai biya ni kuɗin mota guda. An ce mini ɗaki naira 20,000 ne kwana ɗaya, don haka na ware 40,000 na ajiye a aljihun gaba. Da na zo sallama sai yarinyar da ke kan kanta ta miƙo mini rasit na naira 49,000.

Na ce mata a ina dubu tara ta fito? Ta ɗora biro a kan layuka uku da ke ƙasan takardar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Dubu huɗu kuɗin hidima ne, kashi goma cikin ɗari, wannan na otal ne da ma'aikatansa, gwamnati ba ta da ko sisi a ciki. Dubu uku harajin VAT ne, kashi 7.5, wanda ya tashi daga kashi biyar tun watan Fabrairu na 2020. Shi wannan tukunyar tarayya yake tafiya, a raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Sauran dubu biyun, kashi biyar cikin ɗari, na jihar Legas ne ita kaɗai, saboda na kwana a ɗakin haya a ƙasarta. Na biya, na ninke takardar na sa a jaka. Har yau tana nan cikin durowata.

Layin nan na uku ne ya tsaya mini a rai duk tsawon hanya, tun daga Ibadan har Kontagora har Yawuri. Da na iso gida na kai wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yake da ɗan masauki mai ɗaki tara a nan Argungu, na ce masa me zai hana a yi irin wannan harajin kwana a jiharmu ta Kebbi. Ya sa tabarau ya duba, ya miƙo mini. Ya ce, "Baƙo raɓa na, ɗana. Mutum ya taso daga uwa duniya ya zo garinku, maimakon ruwan sanyi sai ka tarbe shi da haraji? Wanga ba halinmu na ba."

Na fahimci Kawu sarai. Kalmar haraji kanta tana da ɗaci a bakin Bahaushe, don kakanninmu sun sha wuyarsa, shi da jangali, kuma labarin bai gushe ba. Ga kuma kunyar baƙo da aka raine mu a kanta. Amma na ce masa, Kawu, baƙon da ya sauka a zaurenka daban, wanda ya kama ɗaki a masaukinka daban. Na biyun ka riga ka sa masa farashi, ka ba shi makulli, ka rubuta sunansa a littafi. Tambayar da ta rage ita ce ko garin da ya zo gani yana da rabo a kuɗin da ya kashe.

Yadda harajin kwana yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Baƙo ne ke biya, mai masauki ɗan aike ne kawai. Ya karɓa tare da kuɗin ɗaki, ya rubuta a layinsa daban, ya riƙe amana, in wata ya ƙare ya zuba a asusun hukumar tara kuɗin shiga tare da bayanin ɗaki nawa aka kwana. Wasu wurare kaso suke ɗauka daga kuɗin ɗaki, kamar Legas da ta kafa dokarta a 2009. Wasu kuma ƙayyadadden kuɗi suke sa wa kowane dare. Waɗanda ke zuwa Dubai sarin kaya sun san wannan: tun 2014 ake karɓar dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal. Kaso yana bin farashi in ya hau, ga shi mai tsadar ɗaki ya fi biya. Ƙayyadadden kuɗi ya fi sauƙin lissafi ga irin su Kawu da ke aiki da biro da littafi, sai dai tsadar rayuwa tana cinye shi cikin shekara biyu uku in ba a sabunta ba.

Ta fuskar doka ma jihohi suna da ƙafar tsayawa. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa yi wa otal-otal rajista da ba su lasisi da sa musu ido hurumin jihohi ne. Masu otal a Legas kuwa sun yi ta kai ƙara, suna cewa ga VAT ga harajin jiha a kan ɗaki ɗaya, an yi wa baƙo aski biyu. Ƙorafin nasu yana da nauyi, duk jihar da za ta shiga harkar ya kamata ta saurare shi tun kafin ta rubuta doka.

Inda maganar take da gaske shi ne bayan an karɓa. Mutane da yawa suna ɗauka tunda a otal aka karɓi kuɗin, ai yawon buɗe ido zai koma. Sam. Sashe na 120 na tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin shigar jiha asusu ɗaya suke shiga, ba a cire su sai da kasafin da majalisar dokoki ta amince da shi, sai fa in wata doka ta ware wa kuɗin asusu na musamman. Wato dubu biyuna na Legas za su iya zama albashi, ko kwalta, ko man motar wani ofis. Ba laifi ba ne, amma ba su da wata alaƙa da abin da baƙo ya zo gani. Ƙasashen da suka ɗaure akuyar a turkenta su ne suka ci moriyar abin. Ghana ta yi dokar yawon buɗe ido a 2011, ta sa kashi ɗaya cikin ɗari kacal, ta buɗe masa asusunsa daban. Kenya tana karɓar kashi biyu, hukuma guda ce ke riƙe da shi, kuma daga ciki ake tallafa wa kwalejin Utalii da ke Nairobi, inda ake koyar da girki da tarbar baƙi da gudanar da otal. Kashi ɗaya mai turke ya fi mini kashi biyar da ke yawo a sake.

Abin da ya sa na damu haka, na ga watan Maris na 2020 da idona. Shekara goma aka yi ba a yi bikin kamun kifi na Argungu ba, sai ga shi ya dawo, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo. Bikin nan tun 1934 yake, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka binne gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada sa'ad da aka ba da alama, dubban masunta suka kwaso a guje da gora da homa suka faɗa ruwa lokaci guda, ƙura ta tashi, kiɗa ya kaure, ruwan ya koma kamar ana tafasa shi, ya san abin ya cancanci sunan da ya yi. Ni a nan aka haife ni, amma har yau tsigar jikina tana tashi.

To a wannan makon ɗakunan Kawu tara sun cika tun saura kwana goma. Zaurena mutum bakwai suka kwana a ciki, abokan kasuwanci daga Kano da Gusau, uwargida tana ta ɗora tukunya tana saukewa. Ranar babban kamu na fita da wata baƙuwa, matar abokina, da 'ya'yanta mata biyu. Wajen azahar ƙaramar ta matsu. Muka yi ta zagaye cikin rana muna neman makewayin da mace za ta iya shiga da mutuncinta, waɗanda muka samu layi ya yi tsawo, ruwa ya ƙare. Daga ƙarshe gidan wata tsohuwa muka yi sallama, ta buɗe mana ƙofa, ta kawo buta, har da ruwan randa a kwanon sha. Allah ya saka mata. Amma uwar yaran ta ce mini a hanya, "Yaya, biki ya yi kyau, sai dai ba na jin zan sake zuwa da yara." Maganar nan ta fi mini zafi fiye da asarar mota guda ta shinkafa.

Makewayi, ruwa, rumfar inuwa, kwandon shara, fitila a hanyar bakin kogi, ɗan jagora da ya san tarihi kuma ya iya magana da baƙo. Waɗannan ba sa cin biliyoyi, abin da suke so shi ne kuɗi kaɗan da ba ya yankewa. Kasafin biki yana zuwa ne shekarar da za a yi biki, a yi fenti, a share, a watse. Famfon da ya lalace a watan Yuni ba shi da mai shi. Gidan tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, a buɗe yake duk shekara, da makaman yaƙi da tambura da kaburburan sarakunan Kabi. Ginin da ya ga shekaru irin wannan kowace damina sai ya nemi hannu.

Akwai wani abu da sai ɗan gari zai lura da shi. Manyan baƙin biki, masu kuɗin kashewa, da yawansu ba a Argungu suke kwana ba. Jirgi ya sauke su a filin jirgin Sir Ahmadu Bello, su kama ɗaki a Birnin Kebbi, da safe su zo, da yamma su koma. Wasu ma a Sakkwato suke kwana. Ƙurar da sharar da cunkoson namu ne, kuɗin ɗakin na wani gari. Saboda haka in aka ce kowace ƙaramar hukuma ta karɓi nata ta riƙe, Argungu za ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dole asusun ya zama na jiha, doka ta faɗi yadda za a raba shi bisa inda baƙi suke zuwa kallo. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Zuru tana da bikin Uhola, Yawuri tana da bikin Rigata, Gwandu tana da hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da masu ziyara ba sa yankewa. Masarautu huɗun nan, har da Argungu, kowace tana da abin nunawa, ya kamata kowace ta sami kujera a kwamitin da zai riƙe kuɗin, tare da wakilan masu masauki, tunda su ne ke karɓowa.

Sai dai Kawu ya ɗaure ni da wata hujja da ban iya kwancewa gaba ɗaya ba. Ya jawo littafin baƙinsa, mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe, ya buɗe watan Agusta. Ya bi da yatsa: dillalin shinkafa daga Jega, malamin makaranta da ya zo bita, direba da motarsa ta lalace, dangin amarya daga Kamba, mai sayar da maganin feshi. Ya ce, "Ina Bature a nan? Biki kwana huɗu na. Sauran shekara 'yan uwanka na ka kwana nan." Gaskiya ya faɗa. A Dubai baƙon waje ne ke ɗaukar nauyin. A nan mu ne za mu biya, mu da muke yawon neman abinci tsakanin garuruwanmu. Shi ya sa nake ganin kashi biyar irin na Legas ya yi mana yawa. Ɗaya ko biyu ya isa, kuma a yafe wa ɗakuna masu araha da talaka ke kwana a ciki, a bar nauyin a kan manyan otal da ɗakunan taro, inda ake yin bita da walimar biki.

Ya kuma nuna mini wata leda cike da takardu. Kuɗin rajistar wurin kasuwanci, kuɗin allon talla, kuɗin gini, kuɗin shara. Wata rana ina zaune a wurinsa mutum biyu suka shigo a tsakanin awa guda, kowa da tasa takarda, ɗaya ma da aka nemi rasit sai ya ce zai aiko. Ga dizal na janareta, ga kuɗin wuta. Mutumin da ke cikin wannan hali in ka zo masa da sabon haraji, ko da ba daga aljihunsa zai fito ba, dole ya ɗaure fuska. Duk mai son a yi harajin kwana a Kebbi, ya fara da haɗe waɗancan su zama takarda ɗaya, biya ɗaya, ta banki, kada kowa ya sake karɓar tsaba a hannu.

Makon jiya na koma wurinsa bayan la'asar, yana zaune a kan tabarma a ƙofar masauki yana gyara rediyo. Na ce, Kawu, a ce an yi dokar yadda na faɗa, kashi biyu, asusu daban, za ka karɓa? Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce zai karɓa bisa sharaɗi guda: duk wata uku a liƙa takarda a ƙofar gidan tarihi na Kanta, da Hausa, da boko da ajami, a rubuta nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me, wa ya yi aikin. A karanta ta a rediyo kuma. Ya ce in baƙo ya tambaye shi kuɗin mene ne wannan, yana so ya iya kama hannunsa ya kai shi bakin Matan Fada ya nuna masa famfon. Sannan ya buɗe littafin baƙi, ya ɗauki rula, ya auna gefen shafin ya ga ko akwai wurin ƙara layi ɗaya.