Kwanan watan da ke kan takarda

Laraba, sha ɗaya saura na dare.

Yara sun yi barci, wuta ba ta dawo ba tun la'asar, ina zaune a tsakar gida kan tabarma da 'yar fitilar caji. Zafin bana sai addu'a. Na so in kwanta, amma maganar da muka yi da Farfesa, tsohon malamina, ɗazu tana ta yi mini yawo a ka, gara in sauke ta a nan.

Yau ce ranar zaman kwamitinmu na ɗa'ar binciken lafiya, wanda muke yi sau ɗaya a wata. Shekarata uku ina sakatariyarsa, ban da koyarwa da ganin marasa lafiya. Duk wanda zai yi bincike a kan ɗan Adam a tsangayarmu ta likitanci ko a asibitin koyarwa, daga ɗalibin aji shida mai raba takardar tambayoyi a unguwa har farfesan da ya samo tallafin daloli daga waje, sai tsarin bincikensa ya biyo ta teburina. Ni nake ba shi lamba, in miƙa wa masu dubawa biyu, in sa shi cikin abin da za a tattauna. In an amince, ni nake buga takardar izini. Shugaba ne mai sa hannu, kwanan wata kuwa ni nake rubutawa.

Takwas da 'yan mintoci na iso ofis, na tarar da wani matashin likita tsaye a bakin ƙofa, cikin masu neman ƙwarewa a sashen mata. Na san shi, yaro ne mai ladabi, mai haƙuri da marasa lafiya. Bayan gaisuwa sai ya yi ta juya fayil a hannu, har na ce, "Dakta, zauna ka faɗi abin da ya kawo ka." Ashe wata huɗu ke nan yana ɗibar jinin mata masu zuwa awon ciki don kundin da zai kai jarrabawar ƙwarewa, a kan ƙarancin jini. Ya kusa kammala adadin da yake nema. Yanzu ne ya lura ba za a karɓi kundin ba sai da takardar izinin kwamiti, kuma dole kwanan watanta ya riga ranar da ya fara ɗibar jinin.

"Ranki ya daɗe, taimako nake nema. A sa mini watan Nuwamba."

Na tambaye shi ko matan sun san bincike yake yi. Ya ce yana gaya musu za a duba jininsu. Na ce ai duk mai zuwa awo ta san za a duba jininta, abin da nake tambaya shi ne ko akwai wadda ta san an ɗebi ƙari, an ajiye a firiza da lambarta, kuma da ta ce ba ta so ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba ta. Ya sunkuyar da kai. Na ce ya dawo bayan azahar, yanzu ina da zama.

Zaman ya fara sha ɗaya maimakon goma, don sai da muka jira adadin da doka ta ce ya cika. Tsare-tsare tara ne a gabanmu. Shida ba su ɗauke mu lokaci ba, yawancinsu duba tsofaffin fayiloli ne, sharaɗinmu kawai a cire sunaye da lambobin waya. Na bakwai ne ya ci mana awa guda da rabi, bincike kan ƙananan yara masu sikila, da haɗin gwiwar wata jami'a ta ƙasar waje.

A nan Baba ya yi aikinsa. Baba shi ne wakilin jama'ar gari a kwamitin, tsohon hedimasta ne, bai taɓa karatun likita ba, kuma dokar ƙasa ce ta ce dole a samu irinsa a cikinmu. Al'adarsa ita ce ya ɗauki takardar amincewa ta Hausa ya karanta ta a bayyane, a hankali, kamar yana yi wa aji shifta. Yau da ya zo inda aka rubuta "shiga wannan karatu na son rai ne", sai ya cire tabarau ya dubi mai binciken. Ya ce, "Likita, wane ne ya fassara muku wannan? Uwar yaro za ta zaci makaranta za ku sa ɗanta. Son rai kuma ai abin zargi ne a Hausa. Ku ce mata ganin damarta ne, in ta ƙi ba wanda zai ga laifinta." Da ya iso kan mililita biyar na jini sai ya ce shi ma bai san mililita ba, balle matar da ta taso daga ƙauye da asuba. A rubuta cikin cokalin shayi ɗaya. Kowa ya yi dariya, ni kuwa kunya na ji, domin na karanta takardar nan sau biyu a gida ban ga komai ba. Turancin da ke kaina ne yake cike mini gurbin duk inda Hausar ta karye.

Mun yi ja-in-ja kan kuɗin mota. Masu binciken sun sa adadin da ya fi abin da yawancin iyayen yaran ke samu a sati. Likitan yara na cewa ai alheri ne, masanin shari'armu na cewa in kuɗi ya kai haka, uwa ba za ta ƙara jin bayanin haɗari ba, kuɗin za ta ji. Metiron ta kawo maganar maigida: mace za ta dangwala yatsa a asibiti, ta koma gida miji ya ji an ɗebi jinin ɗansa za a kai Turai, rigima ta tashi. Muka tsaya kan a ba ta kwafin takardar ta je gida su yi shawara, kuma yaron da ya yi wayo a tambaye shi shi ma. Jinin kuma ba zai fita ƙasar nan ba sai mun ga rubutacciyar yarjejeniyar fitar da samfur, wadda ta faɗi abin da za a yi da shi da ranar da za a lalata ragowarsa. Muka mayar musu su gyara.

Ina idar da sallar azahar aka ce Farfesa na nemana.

Wannan bawan Allah shi ya koya mini yadda ake tambayar mara lafiya tarihin ciwonsa. Shi ya rubuta mini takardar shaida lokacin da nake neman aikin nan. Har yau ba na iya zama a ofishinsa sai ya ce in zauna sau biyu. Shi ne kuma mai duba kundin yaron nan na safe.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "'Yata, yaron nan bai cuci kowa ba. Jini ne wanda da ma ake ɗiba. In bai kai kundin nan bana ba, shekara guda ta tafi, ga mata ga 'ya'ya." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ya ce to mene ne a cikin kwanan wata.

Amsar tana bakina, na kasa fitar da ita yadda take. A 1996 ina 'yar sakandare aka yi annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, ita ma a irin wannan zafin. A cikin annobar ne kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada maganinsa Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka saba bayarwa. Sha ɗaya suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono labarin, daga nan kuma maganar takardar izini ta fito: tana ɗauke da kwanan watan Maris 1996, alhali an rubuta ta ne bayan an gama komai, a madadin kwamitin da a wancan lokacin ba a ma kafa shi ba. An yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A tsakani kuwa, a 2003, da aka ƙaurace wa allurar shan inna, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Har gobe in muka fita ƙauye aikin rigakafi akwai dattijon da zai tuna mana.

Farfesa ya fi ni sanin duk wannan, yana likita lokacin. Shi ya sa ambatonsa a gabansa zai zama kamar ina haɗa shi da waɗancan, kuma cokalin jinin mai ciki bai kama ƙafar abin da ya faru a Kano ba. Sai dai takardar da ake so in buga irin waccan takardar ce. Tana cewa wasu mutane sun zauna, sun duba, sun yarda kafin a taɓa kowa, alhali ba a yi ba. Tun gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin duniya na binciken lafiya a kan ɗan Adam, a 1975 sharaɗin shi ne kwamiti mai zaman kansa ya ga tsarin bincike kafin a fara. Kundin ƙa'idojin ƙasa na 2007 a kan haka ya tsaya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. In aka cire "kafin" daga aikinmu, hatimi kawai ya rage.

Abin da na iya faɗa shi ne, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Kuma dole in sanar da shugaba." Na san rabin maganar fakewa na yi da shugaba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Ban gane ko albarkar ce ko sallama ba.

Da yaron ya dawo na tambaye shi abin da ya hana shi kawo tsarin tun farko. Ya ce abokinsa ya kawo nasa, sai da ya yi wata uku yana zarya kafin a amsa masa, shi kuma ga lokacin jarrabawa na matsowa. Na so in ce ba hujja ba ce, kuma ba hujjar ba ce. Amma bayan fitarsa na buɗe rajista. Akwai tsare-tsare huɗu da suka shigo tun Disamba, har yau masu dubawa ba su dawo da su ba, ni kuma tuni ɗaya na yi musu na bari. Ba a biyan kowa a aikin nan, mai dubawa na da tiyata da lacca da nasa binciken, kwamitin ba shi da ma'aikaci ko ɗaya na dindindin, takardar bugawa ma wani lokaci daga aljihuna take fita. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya ga layi ba ya motsi zai nemi taga, kuma layin nan a hannuna yake. Shekara uku muna cewa za mu riƙa zagayawa sassa mu ga yadda ake gudanar da binciken da muka amince da shi. Da muna zagayen, da tun watan farko wani ya ga kwalaben nan a firizar sashen mata ya yi tambaya.

Shugaba ya saurare ni a tsaye, yana shirin shiga mota. Ya ce ba za a mayar da kwanan wata baya ba. Yaron ya dakatar da ɗibar jini daga yau, ya kawo tsari da takardar amincewa ta Hausa, a duba masa cikin sati biyu, ya fara daga farko. Abin da ya riga ya tara kuma za a kawo gaban cikakken zama na wata mai zuwa. Na tambaye shi matan fa, wa zai gaya musu. Ya ce shi ma a sa shi cikin abin da za a tattauna, ya ja ƙofa.

Na dawo gida magariba ta wuce. Abban yara ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, sai da na ci tuwo na ba shi labari ba tare da suna ba. Ya ce in kai wa Farfesa gaisuwa har gida ranar Juma'a, kada in bari abin ya yi tsami. Zan je, in sha Allahu, amma ban san me zan ce bayan gaisuwar ba.

Na tura wa masu dubawan nan huɗu saƙo ɗazu, biyu sun gani ba su amsa ba. Gobe kafin lacca zan bi su ofis ɗaya bayan ɗaya. Zan kuma roƙi Baba ya duba wa yaron takardar Hausarsa kafin ya kawo, in ya yarda. Fitila ta fara ja, ga sauro.