Baƙin mai da mazarin kududdufinmu

A bayan gidanmu a Marwa akwai kududdufin da aka bari bayan an gama buga tubali. Bara waccan, da sauro ya ishe mu cikin watan Agusta, na karɓo galan guda na baƙin mai wajen bakanike na tuttule a ciki. Haka na taso na ga ana yi.

Kwana uku sai na tarar da mazari sun mutu birjik a kan ruwan, fikafikansu sun manne. Maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, ya leƙo ya ce, "Ɗana, ka kashe masu gadinka." Shi ya fahimtar da ni cewa ƙyallin mai yana ruɗin mazari fiye da ruwa, sai macen ta sauko yin ƙwai ta maƙale. Sauro kuwa ko a jikinsa. Ashe har a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yake haihuwa, kuma cikin kwana goma tsutsarsa ta zama sauro.

Da damina ta zagayo na kwashe laka mai man, na bar ciyawar bakin ruwa da bado. Na zama mai tsugunno da asuba, har uwargida ta fara tsokanata. Abin da na gani ya biya ni. Ɗan mazari a ruwa yake rayuwa, mummuna ne, launin laka, da leɓe mai naɗewa da yake harbawa ya cafke tsutsar sauro. Ta dubura yake shaƙar ruwa, in ya tsorata ya feso shi ya yi gaba kamar kibiya. Ranar fitarsa sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, ya bar ɓawon a rataye.

Jan mazarin nan mai kama da barkono shi ke zama da mu. Ruwan ɗorawan da ke zuwa garke-garke, Pantala flavescens a bakin masana, matafiyi ne mai bin iskar damina. Danginsa na ketare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. 'Ya'yansa kan girma cikin kamar mako 6, kafin kududdufi ya ƙafe.

Sauro bai ƙare ba, har yanzu a gidan sauro muke kwana. Tayoyin dai na kifar da su. Jiya autata ta kawo mini ɓawo 7 a murfin kwano, tana tambaya ina masu rigunan suka tafi.